Farin dalma a fentin mai: a ci gaba da aiki da shi ko a ajiye?

Sabon_Buroshi
Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa. Tambayata a kan farin dalma ce, wanda ake rubuta PW1 a jikin tiyub ɗinsa. Masu koyar da zanen fentin mai suna ta yabonsa, wai babu farin da ya kama ƙafarsa wajen zana fatar mutum, kuma idan ya bushe ya fi kowane fari ƙwari. To amma kowa ya san dalma guba ce. Ta ina take shiga jiki idan tana cikin mai? Taɓawa kawai ta isa? Warinsa fa? Kuma me yake yi wa zane wanda farin titaniyam ya kasa, har da za a yi kasada saboda shi?

Likitar_Ma'aikata
Wa alaikumus salam. Ƙofofin biyu ne, baki da hanci. Irin dalmar da ke cikin wannan fenti ba ta ratsa lafiyayyar fata sai ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma ba ta tashi ta zama tururi a zafin ɗaki. Warin da kake ji na man linsid ne, wato man da ake kwaɓa fentin da shi, ko na tafentin da ake sirka shi da shi, dalma ba ta da wari. Matsalar fentin da ya taɓa hannu ita ce inda hannun zai je bayan nan: abinci, kofi, sigari, leɓe, waya. Wanda ya maƙale a ƙarƙashin farce ya fi kowanne daɗewa. Ta hanci kuwa sai ya zama ƙura ko feshi ko hayaƙi, wato an goge busasshen fenti da samfefa, ko an buɗe garinsa, ko an fesa shi, ko an ƙona shi. Waɗannan huɗun su ne manyan haɗurran, kuma duka ana iya zane shekara da shekaru ba a yi ko ɗaya daga ciki ba.

Hattara_Dai
Likita, da girmamawa, wannan bayanin yana sa mutum ya saki jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma a jini da aka tabbatar ba ya cutarwa. Candido Portinari, babban mai zanen ƙasar Birazil, gubar dalmar fentinsa ce ta yi ajalinsa a 1962. Tun da akwai farin da ba guba ba, me ya kai mutum?

Likitar_Ma'aikata
Malam Hattara, maganar hukumar haka take, ban musa ba. Ga ƙarin abin da zai ƙarfafa maka gwiwa ma. Dalmar da ta shiga jini takan ragu da rabi cikin kamar wata guda, amma ba fita take yi duka ba, tana komawa ƙashi da haƙori. A jikin babba, fiye da kashi 90 cikin 100 na dalmar yana can, kuma tana iya zama shekaru gommai. Shi ya sa ƙanƙanin sakaci na kullum ya fi kuskure babba na rana ɗaya illa. Alamominta ma ba sa zuwa da wuri, idan sun zo kuma suna kama da na wasu cututtuka: kasala, ciwon kai, murɗar ciki, taurin bayan gida, ƙarancin jini, hawan jini, daga baya taɓuwar ƙoda da sanyin wuyan hannu har ya kasa ɗaguwa. Abin da nake so a gane shi ne inda ya kamata a sa tsaro, don kada mutum ya rufe hanci yana shafa ɗanyen fenti, sannan ya cire takunkumi ya ɗauki samfefa.

MaiGyaranZane
Bari in ɗauki ɗaya ɓangaren tambayar, wato amfaninsa. Farin dalma ba zama kawai yake yi a cikin mai ba, yana haɗuwa da shi. Yana hanzarta bushewa, don siririn shafi a man linsid yakan bushe a taɓa cikin kwana 1 zuwa 3, alhali titaniyam a man saflawa yana iya kai kwana 5 ko fiye. Kuma yana bushewa har ciki, ba fatar sama kaɗai ba. Abin da ya bari bayan ya bushe yana da ƙwari kuma yana lanƙwasuwa, shi ya sa idan ka duba tsofaffin zanuka na shekara 400, sau da yawa fuskoki da gizagizai da fararen tufafi sun fi wuraren duhu lafiya.

Na biyu, mai kaɗan yake sha. Giram 100 na garinsa bai buƙatar fiye da giram 10 zuwa 15 na mai, titaniyam kuwa kusan ninkin haka. Fenti mai ƙarancin mai shi ake so a ƙasa, mai yawan mai a sama, don haka ya dace da shafin farko.

Na uku shi ne wanda masu zanen fuska suke nema. Titaniyam yana da ƙarfin rufewa sosai, ma'aunin karya haskensa 2.7, na dalma kusan 2.0, na man kansa kusan 1.48, kuma gwargwadon nisan lambar fari da ta mai, gwargwadon ƙarfin rufewarsa. Idan ka zuba titaniyam a jan launi yakan kashe shi, ya koma kamar alli, ya yi sanyi. Dalma tana haskaka launin ba tare da ta danne shi ba, kuma haske yana ɗan ratsa ta ya dawo. Wannan ɗumin ne ake gani a fatar mutanen da Rembrandt, mai zanen Holan na ƙarni na 17, ya zana.

Inuwa_da_Haske
A ƙara da yadda yake bin buroshi. Yana ja kamar igiya, ya tsaya inda aka ajiye shi, sawun gashin buroshi bai narkewa. Titaniyam sai an yi masa dabara kafin ya yi haka.

Ummu_Launi
Ɗan'uwa Sabon_Buroshi, kafin a yi nisa, ka duba lambar da ke bayan tiyub, kada ka tsaya ga sunan gaba. Cremnitz White yawanci dalma ce zalla. Flake White a wajen kamfanoni da dama an gauraya ta da farin zinki, sai ka ga PW1 da PW4 tare. Idan kuma aka ƙara kalmar Hue a ƙarshen sunan, kwaikwayo ne, babu dalma a ciki, titaniyam ne PW6 da wasu abubuwa. Nauyi ma yana nunawa, tiyub ɗin dalma ya fi ɗan'uwansa mai girma ɗaya nauyi a hannu sosai.

Hattara_Dai
To ai ga mafita nan, Malama Ummu ta faɗa. A haɗa titaniyam da zinki, zinkin ya rage masa ƙarfin rufewa. Tun ƙarni na 19 aka fito da farin zinki a Faransa saboda masu fentin gidaje suna ta kamuwa da ciwon ciki na dalma.

MaiGyaranZane
Nan ne masu gyaran zane ba za su yarda da kai ba, Malam. Zinki lafiya ne ga mai zane, amma ba lafiya ba ne ga zanen. Marion Mecklenburg da abokan aikinsa a cibiyar Smithsonian ta Amurka sun bi samfuran fenti na kusan shekara 30, suka ga fentin zinki yana yin gautsi cikin 'yan shekaru, yana tsagewa, yana kuma ɓanɓarowa daga abin da ke ƙarƙashinsa. Ya fi muni idan yana shafin ƙasa a kan ƙyallen zane, wanda ke motsi. Wanda ba ya son dalma, gara ya ɗauki titaniyam zalla a man linsid, ya sassauta shi da garin alli ko na barayit, wani farin ma'adini, da aka niƙa a mai. Zai rage rufewar ba tare da gautsin zinki ba. Ba zai zama dalma ba, amma zai matso.

Ɗan_Kimiyya
Don adalci, ita ma dalma tana da nata aibin a kan zane. Haɗuwar da take yi da mai tana haifar da abin da ake kira sabulun dalma. Wani lokaci sabulun yakan taru ya zama ƙananan ƙuraje, su huda saman fenti su fito. An fara lura da su sosai a ƙarshen shekarun 1990 a gidan adana zanuka na Mauritshuis da ke birnin Heg na Holan, lokacin da ake gyaran zanen darasin fiɗa da Rembrandt ya yi a 1632, daga baya aka gano su a zanuka masu yawa. Haka kuma fentin yana ƙara zama garai-garai da tsufa, har abin da mai zane ya rufe ya riƙa leƙowa.

Sabon_Buroshi
Na gode malamai. An ce kuma yana baƙi da daɗewa, kuma wai haramun ne a gauraya shi da launin kadmiyam (rawaya ko ja) ko jan bamiliyon. Gaskiya ne?

Ɗan_Kimiyya
Rabin gaskiya. Iskar da ke ɗauke da farar wuta tana mayar da shi baƙi idan babu abin da ya lulluɓe ƙwayoyinsa, kamar a fentin ruwa a kan takarda. A jikin bango ma yana juyewa, zanukan Cimabue a Asisi ta Italiya misali ne, wuraren da suke farare sun koma duhu. A cikin mai kuwa kowace ƙwaya a rufe take. Tsofaffin gwanaye sun gauraya shi da bamiliyon don fata, da shuɗin altramarin don sararin sama, duka biyun suna da farar wuta a jikinsu, kuma suna nan lafiya. Kadmiyam na zamani da aka tace da kyau shi ma ba ya kawo matsala. Rawayar da ake gani ta man linsid ce, musamman idan zanen ya bushe a duhu. A fito da shi wuri mai haske, ba rana kai tsaye ba, cikin 'yan makonni zai washe.

Tsohon_Mai_Niƙa
Yara, ku bar ni in yi magana a kan gari, don nan ne mutane suke cutar da kansu. Asalin yadda ake yin wannan fari a Holan da Ingila shi ne a naɗe faifan dalma a sa a tukwanen ƙasa masu ɗan ruwan khal a gindi, ba tare da dalmar ta taɓa ruwan ba. A jera tukwanen a binne su cikin kashin doki ko ɓawon itacen jima, a bar su kamar wata uku. Zafin ruɓewa yana tayar da tururin khal ya ci dalmar, iskar kabon da ke fitowa daga takin ta mayar da ita farin ɓawo. Sai a kankare, a wanke, a niƙa. Ma'aikatan da suka yi kankara da niƙa da ɗurawa a ganga su ne gubar ta fi kashewa, ba masu zane ba. Yanzu ana ganin masu sha'awa suna son gwada wannan a gida. Kada a yi. Kada ma a sayi garin busasshe. Wanda ya nace sai ya niƙa nasa, ya nemi wanda aka riga aka kwaɓa, ya sassauta shi da mai a kan gilashi.

Ɗan_Kimiyya
Baba ya yi gaskiya, ga lissafin. Kusan kashi 80 cikin 100 na nauyin garin dalma ce tsantsa. Busasshen fenti miligiram 1, abin da ido da ƙyar yake gani, yana ɗauke da maikirogiram 600 ko fiye. Iyakar da dokar ma'aikata ta Amurka ta sa ita ce maikirogiram 50 a kowace mita kubik ta iska a aikin awa 8. Wato wannan ɗigon, idan ya zama ƙura, ya isa ya kai iskar mita kubik 12 bakin iyaka. Yanzu a auna abin da samfefa za ta tayar daga ƙyalle guda.

Inuwa_da_Haske
To shafin farko fa? Ana son ya yi sumul, yaya za a yi ba samfefa?

MaiGyaranZane
Da wuƙar fenti. A fara rufe ƙyallen da gam, na fatar zomo ko na roba da aka yi don wannan aikin, saboda mai yana cin zare idan ya taɓa shi kai tsaye. Idan ya bushe, a shafa farin dalma siriri da faffaɗar wuƙa, ana dannawa ya shiga saƙar, ana kwashe rarar tun yana ɗanye. A bar shi kwana 3 zuwa mako, a ƙara na biyu. Sannan a jira aƙalla mako 2, wata guda ya fi, kafin a fara zane. Idan wani tudu ya fito, a share shi da wuƙa tun fentin bai gama tauri ba, zai fita a dunƙule, ba ƙura. In dole sai an goge busasshe, a jiƙa samfefar da mai ko ruwa, a share dagwalon da tsumma nan take, kada a bari ya bushe a ƙasa.

Likitar_Ma'aikata
Kuma takunkumin asibiti ko na ƙyalle ba ya tare wannan ƙurar. Sai mai matattarar P100 ko P3 wanda ya kama fuska, gemu kuma yana hana shi kamawa. Kada a share ɗakin da tsintsiya, a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Injin zuƙe ƙura na gida yana hura ƙananan ƙwayoyin ta baya, sai mai matattarar HEPA.

Ummu_Launi
Tsarin yau da kullum ba shi da wuya, ɗorewa a kai ne aikin. Safar hannu ta roba irin naitiral, a cire ta ta baibai. Ba ci, ba sha, ba shan sigari a wurin aiki. Kada a riƙe buroshi da haƙori, kada a daidaita bakinsa da leɓe, kada a murza fenti da yatsa tsirara. Kada a wanke buroshi a tafin hannu, sabulu da tafentin suna tura fentin cikin tsagar fata da gefen farce. Rigar aiki ta tsaya a ɗakin aiki, a wanke ta daban. A kankare allon gauraya fenti kullum tun yana ɗanye, don wanda ya bushe sai da ƙarfi yake fita, yana tarwatsewa. Bayan an gama a wanke hannu da sabulu da ɗan buroshin farce, ko da an sa safa.

Hattara_Dai
Duk wannan babba ne zai kiyaye. Yaro fa? Ba na jin an ba wannan nauyin da ya kamata.

Likitar_Ma'aikata
A nan ina bayanka ɗari bisa ɗari. Hanjin yaro yana zuƙar dalma ninki 4 zuwa 5 na babba, yana rarrafe a inda ƙura take sauka, komai ya samu sai baki, kuma illar da take yi wa ƙwaƙwalwarsa ba ta gyaruwa. Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta sauke ma'aunin da ake fara bincike a kansa ga yara zuwa maikirogiram 3.5 a desilitar jini a 2021. Idan ɗakin zane ba shi da ƙofa mai kulle da yara ba sa shiga, farin dalma ba shi da wuri a gidan. Mai juna biyu, da mai shayarwa, da mai shirin ɗaukar ciki, su ajiye shi gaba ɗaya. Dalma tana ratsa mahaifa, tana jawo ɓari da haihuwa kafin lokaci, kuma wadda ta daɗe a ƙashi tana fitowa lokacin ciki tare da sinadarin kalsiyam. Maza ma tana rage musu ingancin maniyyi.

Tsohon_Mai_Niƙa
Tsofaffin masana'antu suna ba ma'aikata madara wai tana kashe gubar. Likita, a gyara wannan don har yanzu ana faɗa.

Likitar_Ma'aikata
Ba ta kashewa, Baba. Abin da ke gaskiya shi ne cikin da ba komai, da ƙarancin sinadarin ƙarfe ko kalsiyam a jiki, suna ƙara yawan dalmar da hanji ke zuƙa. Amma babu abin sha da ke wanke ta. Magungunan da ke fitar da ita likita ne ke ba da su idan ta yi yawa, kuma suna da nasu haɗarin. Hanyar sani ɗaya ce, gwajin jini. A ɗiba daga jijiya, ba tsinin yatsa ba, don fentin da ke kan fata yana ɓata sakamakon. A yi kafin a fara aiki da shi, a sake bayan wata 6, sannan shekara-shekara. Idan lambar tana hawa, akwai inda tsarin yake yoyo.

Inuwa_da_Haske
Wani abu a gefe, wannan farin ne ya sa hoton eksire yake aiki a kan tsofaffin zanuka, ko?

MaiGyaranZane
Shi ne. Dalma tana tare hasken eksire, sai wuraren da take su fito fari, a ga inda mai zane ya sauya hannu ko ya rufe wani mutum. Har jabu ana kamawa da ita. A ƙarshen shekarun 1960, masu bincike a jami'ar Carnegie Mellon sun auna wani nau'in dalma da ake kira dalma-210 a zanukan da mai jabu Han van Meegeren ya yi ya jingina wa Vermeer, mai zanen Holan na ƙarni na 17. Wannan nau'in yana raguwa da rabi duk shekara 22, don haka a fentin ƙarni na 17 ya kamata ta ragu ƙwarai. Suka same ta da yawa, alamar dalmar sabuwa ce.

Sabon_Buroshi
Allah ya ƙara basira. Saura shara: tsummoki da ruwan wanke buroshi. Kuma doka ta yarda a saya?

Ummu_Launi
Kada komai ya bi magudanar ruwa. A goge buroshi da tsumma sosai tukuna, a wanke a kwalbar tafentin mai murfi. A bar ta kwana biyu ko uku laka ta kwanta, a tsiyaye na saman a wata kwalba a sake amfani da shi. Lakar da tsummoki su tafi inda ake karɓar shara mai guba. Kada a ƙona su, hayaƙin dalma ya fi ƙurarta saurin shiga jini. A kula kuma, tsummokin da suka sha man linsid idan aka tara su a dunƙule suna yin zafi har su kama wuta da kansu. A sa su a gwangwanin ƙarfe mai murfi da ruwa a ciki.

Ɗan_Kimiyya
Doka ta danganta da ƙasa. Yarjejeniyar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta 1921 ta hana farin dalma a fentin cikin gine-gine, amma ta ware zanen fasaha. Abin lura, tun a lokacin ta ce kada a yi aiki da shi sai a kwaɓe, kuma a kiyayi feshi da gugar busasshe, wato abin da Likita ta fara faɗa. Amurka ta hana shi a fentin gida a 1978, ta bar na masu zane, daga baya kuma ta wajabta rubuta gargaɗi a jikinsa. Tarayyar Turai ta fi tsanantawa, dokarta ta taƙaita shi ga gyaran ayyukan fasaha da gine-ginen tarihi inda ƙasa ta ba da izini, shi ya sa samunsa a can ya yi wuya.

Hattara_Dai
Ni dai matsayina bai sauya ba ga mai koyo. Wanda bai riga ya saba da tsabtar wurin aiki ba, ya fara da titaniyam, ya shekara hannunsa da rigarsa suna fita ba fenti, sannan a yi maganar dalma.

MaiGyaranZane
Ga mai koyo ban ƙi ba. Amma wanda zai yi aikin da ake so ya daɗe a kan ƙyalle, akwai hanyar tsakiya: dalma a shafin ƙasa da fata, inda ƙwarinta da ɗuminta suke da amfani, titaniyam a wuraren haske mafi ƙarfi a sama. Yawan dalmar da ke yawo a kan allo kullum zai ragu sosai.

Inuwa_da_Haske
Malam MaiGyaranZane, idan an ɗora titaniyam na man saflawa a kan dalma ta man linsid, kwana nawa ya kamata a jira tsakaninsu? Kuma allon katako ya sauya lissafin zinkin da ka yi, tun da shi ba ya motsi kamar ƙyalle?